Dengi da kankasha a jiki ɗaya: yaushe takardar gwaji ke faɗin gaskiya?

Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, lokacin da damina ke ja da baya a gabashin Sudan, asibitoci da ɗakunan gwajin jini na Kasala da Gadarif da Bort Sudan kan cika maƙil da masu zazzaɓi. Kowa kuma da sunan ciwonsa a baka tun daga gida. Wannan ya ce maleriya ce, wancan ya ce kankasha ce ta dawo, wani ya ji a masallaci an ce dengi ta shigo gari. Abin da ba a cika kawowa a rai ba shi ne biyu daga cikinsu, kai har ukun, suna iya sauka a jikin mutum ɗaya a mako ɗaya. Kankasha ita ce cutar da likitoci ke kira cikungunya. Haɗuwarta da dengi ita nake so mu zauna a kai, don kuskuren da ake yi a kanta baki biyu gare shi: wani lokaci tana nan ba a gan ta ba, wani lokaci kuma takardar gwaji ta nuna tana nan alhali ba haka ba ne.

Ƙwayoyin cutar biyu ba dangin juna ba ne. Ta dengi gidansu ɗaya da ta shawara da ta Zika, ta kankasha kuwa zuriyarta daban. Sauro ne ya haɗa su, Aedes aegypti, ɗan baƙin nan mai zanen fari a ƙafafu. Ba ruwansa da kwata ko kududdufi. Ruwa mai tsabta yake bi a cikin mazubi: randa da tulu, barmil ɗin da mai karo ke cikawa, tankin da murfinsa ya tsage, tiren mukayyif mai aiki da ruwa, tsohuwar taya, kaskon ruwan kaji. Macen ba a kan ruwa take zuba ƙwai ba, a bangon mazubin take manna su ɗan sama da bakin ruwan, kuma ƙwan yana iya bushewa ya yi watanni yana jiran ruwa ya sake taɓa shi. Shi ya sa juye randa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an dirje cikinta sau ɗaya a mako, tunda daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Da rana yake cizo, musamman da safe bayan fitowar rana da kuma bayan la'asar zuwa magariba, don haka gidan sauron da ake ɗaurawa da dare ba ya tare shi. Macen takan ciji mutum biyu ko uku kafin ta ƙoshi, ba ta kuma yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe ta. Ka ga dalilin da gida guda kan kwanta gaba ɗaya. Idan cututtukan biyu suna yawo a unguwa ɗaya, mutum zai iya ɗaukar su daga sauro biyu cikin 'yan kwanaki, ko daga guda ɗaya mai ɗauke da duka biyun, irin wanda aka taɓa kamawa a Gabon.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara wa sauron nan wurin zama. Famfo ya ɗauke a garuruwa da yawa, kowa ya koma tara ruwa a duk abin da ya samu, 'yan gudun hijira suka cika makarantu da gidajen 'yan'uwa. Gadarif ta sha fama da dengi a ƙarshen 2023, Hartum da Jazira kuma suka sha nasu a 2025.

Yawan haɗuwar

Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1960 aka ba da rahotonsa a Tailan da garin Vellore na kudancin Indiya. Wani bita da aka wallafa a 2016 ya ƙirga ƙasashe da yankuna 98 da cututtukan biyu ke yawo a cikinsu, amma 13 ne kawai suka taɓa ba da rahoton samun su tare a jikin mutum ɗaya, ciki har da Najeriya da Tanzaniya da Yaman, maƙwabciyarmu ta tsallaken Bahar Maliya. Ni dai ban ɗauki 13 ɗin nan a matsayin iyakar inda abin ke faruwa ba. Iyakar inda aka ɗebi jini ɗaya aka nemi cuta biyu a cikinsa ne.

A nan gida, ma'auni mafi kyau da muke da shi daga annobar kankasha ta 2018 ya fito. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Oktoban shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga kusan mutum 14,000, kashi 95 cikin ɗari a jihar Kasala, kuma kafin annobar ta lafa a nan da jihar Bahar Maliya adadin ya haura 47,000. Ana tsaka da ita masu bincike na Sudan da Ingila suka ɗebi jinin mutum 142 masu alamun kankasha a Kasala, manya 102 da yara 40. Gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta a jini, ya tabbatar da cutar a jikin 120. A cikin 120 ɗin nan, mutum 9 suna ɗauke da dengi a lokaci guda, wato kashi 7.5 cikin ɗari. Gwajin maleriya na gaggawa kuma ya nuna akwai ita a jikin 34 daga cikin 118 da aka gwada.

Mutum tara ƙaramin adadi ne a takarda, amma a lissafa shi da kyau: kusan ɗaya ne cikin kowane 13 da aka ce musu kankasha ce. A lokacin annoba irin waccan sawun giwa ne ke taka na raƙumi. Gari ya ɗauka kankasha ce, duk mai zazzaɓi da ciwon gaɓɓai sunan da za a ba shi ke nan, ba wanda zai tsaya neman dengi. Ga shi kuwa kankasha ba ta cika kisa ba, wahalarwa take yi, dengi ce ke iya ɗauke mutum cikin kwana ɗaya ko biyu idan ta juya. Ko haɗuwar tasu tana ƙara tsananin ciwo, binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban bai tsaya a kan magana ɗaya ba. Haɗarin da ba a gardama a kansa shi ne a yi wa mai dengi jinyar kankasha.

Wanda ya bi alƙaluman wasu wurare zai ga suna da tazara ƙwarai, nan kaɗan, can da yawa. Sau da yawa irin gwajin da aka yi ne ya kawo tazarar, kuma za mu zo kan wannan.

Alamu kan ɗan nuna hanya. Kankasha faɗowa take yi farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, sama da digiri 39, da ciwon gaɓɓai hagu da dama daidai wa daida: wuyan hannu, yatsu, idon sawu, gwiwa, sau da yawa da kumburi, har mutum ya kasa miƙewa ko riƙe kofi. Dengi ta fi zuwa da ciwon kai, ciwo a bayan ido, ciwon tsoka da ƙashi, tashin zuciya. Dukansu suna fesar da ƙuraje. Amma a kwana ukun farko ko gogaggen likita ba zai rantse da alamu kaɗai ba, kuma idan suka haɗu ciwon gaɓɓan ne ke cika bakin majinyaci, sauran ya manta da su.

Yau kwana nawa?

Babu sakamakon gwajin dengi ko kankasha da ke da ma'ana sai an san ranar da zazzaɓin ya fara. Ranar da jiki ya fara zafi ita ce rana ta ɗaya. Samun wannan amsar kuwa aiki ne. Za ka ji ma'aikacin lafiya ya ce, "Inna, yaushe jikin yaron ya fara zafi?" Ta ce, "Wallahi ɗana, ya kwana biyu." Idan ya rubuta kwana 2 ya wuce, an fara gini a karkace. Wanda ya san aiki sai ya bi ta a hankali: "Ranar Juma'a ya je masallaci?" "Ya je, lafiyarsa ƙalau. Asabar da dare ne na taɓa shi na ji kamar wuta." To yanzu an samu rana. Idan yau Laraba ce, yaron yana rana ta biyar, kuma wannan ya canza gwajin da za a nema da irin idon da za a sa masa.

Daga rana ta 1 zuwa ta 5 ƙwayar cutar kanta tana cikin jini, don haka ita ake nema. PCR yana gano ta dengi da ta kankasha, akwai ma irin da ke neman su biyu tare da Zika a kwalba ɗaya. Ƙwayar kankasha tana cika jini sosai a farkon ciwo, PCR ɗinta kan kama har wajen rana ta 7 ko ta 8. Inda babu PCR, dengi tana da gwajin gaggawa na NS1, wani furotin da ƙwayar ke zubarwa cikin jini tun rana ta farko. Kankasha ba ta da irinsa a ɗakunan gwajinmu, kuma nan ne ake zamewa. NS1 ya nuna akwai dengi, wannan bai ce komai a kan kankasha ba. Ya nuna babu, wannan bai mai da ciwon kankasha ba, bai ma kore dengin ba. Dengi iri huɗu ce, wanda ya yi ɗaya yana iya yin sauran ukun, kuma a kamu na biyu garkuwar da jiki ya riga ya tanada takan riƙe furotin ɗin, gwajin ya kasa ganin sa. Abin takaicin, kamu na biyun ne ya fi yawan tsananta. Bayan rana ta 5 ma ƙarfin NS1 raguwa yake yi, bayan ta 7 ba a dogara da shi.

Daga nan sai a koma neman garkuwar da jiki ya ƙera, wato IgM. Ta dengi tana bayyana a jinin kusan rabin majinyata tsakanin rana ta 3 da ta 5, kusan kashi 80 a rana ta 5, kusan kowa a rana ta 10. Ta kankasha sai ƙarshen makon farko take fitowa sosai, ta kai ƙololuwa a mako na 3 zuwa na 5. Wanda aka yi wa gwajin IgM a rana ta 2 aka ce masa babu komai, an karɓi kuɗinsa ne a banza. A rana ta 5 zuwa ta 7, lokacin da ƙwayar ke ɓacewa garkuwa ke tasowa, a yi NS1 da IgM tare.

Matsalar IgM ita ce ba ta tafiya da wuri. Ta dengi takan yi wata 2 zuwa 3 a jini, ta kankasha wata 2 ko fiye, a jikin wasu ma ta daɗe ƙwarai. Ɗauki mutumin da ya yi kankasha a Agusta ya warke, sai dengi ta kama shi a Oktoba. A gwada shi a rana ta 8, IgM biyu za su fito, a rubuta masa cuta biyu a takarda. Ba tare suka zo ba, ɗaya ce ta bi bayan ɗaya. Binciken da ya dogara da IgM kaɗai yakan tara irin waɗannan mutane cikin lissafinsa, shi ya sa alƙalumansa kan fi na masu PCR kumbura. Abin da za a kira haɗuwa ta haƙiƙa shi ne PCR ya kama ƙwayoyin biyu a jini ɗaya, ko NS1 ya nuna dengi PCR kuma ya nuna kankasha. Idan lokacin PCR ya wuce, sai a ɗebi jini sau biyu da tazarar kamar mako biyu, a ga garkuwar ta fito bayan da babu ita, ko ta ninka sau huɗu.

IgG kuwa, wata garkuwar da ke daɗewa a jini, wadda layinta a kaset ɗin gwajin gaggawa ke tayar wa mutane hankali, ita kaɗai ba ta nuna ciwon yau. A Bort Sudan ko Kasala manya da yawa sun taɓa yin dengi, wasu ba su ma san sun yi ba, tunda akasarin masu kamuwa da ita ba sa jin komai. Allurar rigakafin shawara, wadda aka yi wa jama'a da yawa a Sudan, ita ma tana iya sa gwajin garkuwar dengi ya amsa, saboda dangantakar ƙwayoyin. Garkuwar kankasha kuma takan rikice da ta 'yar'uwarta o'nyong'nyong da ake samu a gabashin Afirka. Tsakanin dengi da kankasha dai ba a cika samun wannan rikicewar ba.

Inda gwajin kansa ke lalacewa

Kaset ɗin gwajin gaggawa ba ya jure zafin da ya wuce digiri 30. A garin da zafi ke haura 40, wuta kuma na ɗaukewa, kwalin da ya yi wata a kan kanta ko ya sha rana a bayan mota ya riga ya raunana ko da kwanan watansa bai ƙare ba. A irin mai tagogi biyu da aka fi gani, ɓangaren NS1 ɗigo uku na jini ko ruwan jini yake so, kimanin maikrolita 100, ba a ƙara masa komai. Ɓangaren IgM da IgG maikrolita 10 kacal yake so, sannan ɗigo huɗu na ruwan da ya zo cikin kwalin. A musanya su, ko a ari ruwan wani kwali, sakamako ya tashi daga aiki. Ana karantawa a minti 15 zuwa 20. Layin da ya fito bayan rabin sa'a, lokacin da ma'aikaci ya dawo daga salla, ba sakamako ba ne. Idan layin tabbatarwa mai alamar C bai fito ba, a jefar a sake. Kamfanoni sun bambanta, don haka takardar cikin kwali ita ce alƙali.

Jinin da za a aika PCR ya fi wannan laulayi. A ɗebi mililita 3 zuwa 5 a kwalba mai jan murfi, a bar shi ya daskare, a juya a ware ruwan jinin. Kada a zuba a mai koren murfi, sinadarin heparin da ke ciki yana hana PCR aiki. Ruwan jinin yana zama a firij, digiri 2 zuwa 8, na kwana biyu; in zai wuce haka sai firiza. Ba a daskarar da jinin da ba a ware ba, fashewa yake yi. Narkewa da sake daskarewa, abin da ɗaukewar wuta ke jawowa, yana lalata ƙwayar halittar cutar, sai sakamako ya dawo babu alhali akwai. Tun da yaƙi ya tsayar da babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Hartum a 2023 nauyin ya koma kan Bort Sudan, tafiya ta ƙara tsawo, akwatin ƙanƙara ya zama rabin aikin. A jikin takardar a rubuta ranar fara zazzaɓi da ranar ɗibar jini, a kuma rubuta ƙarara cewa cuta biyu ake nema. Abin da aka nema shi ake gwadawa.

Sakamakon PCR kan ɗauki kwanaki, majinyaci kuwa ba zai jira ba. Gwajin da ke ceton rai shi ne mafi araha, ƙirgen ƙwayoyin jini. A yi shi tun zuwan farko don a san inda aka tashi, sannan daga rana ta 3 a riƙa maimaitawa kullum har zazzaɓi ya sauka da kwana biyu. A dengi fararen ƙwayoyi ne ke fara faɗuwa, sai ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda ake kira safayih a asibitocinmu, su biyo baya. Lafiyayye yana da 150,000 zuwa 450,000; a dengi sukan sauka ƙasa da 100,000, a kankasha zalla ba su cika yin ƙasa haka ba. Mai ciwon gaɓɓai irin na kankasha da safayih ɗinsa ke zubewa kullum, a ɗauka akwai dengi ko maleriya a tare har sai an tabbatar babu.

Jama'a sun fi tsorata da lambar safayih, amma lambar da ta fi muhimmanci ita ce kaurin jini, PCV. Abin da ke kisa a dengi shi ne ruwan jini ya riƙa tsiyaya daga jijiyoyi zuwa ciki da ƙirji, jinin da ya rage ya yi kauri. Ƙaruwar kashi 20 cikin ɗari a kan ma'aunin farko ita ce shaida: daga 35 zuwa 42, misali. Matar da dama jininta ƙasa yake, ta tashi daga 30 zuwa 36, duk wanda ya kalli 36 ɗin kaɗai zai ce lafiya lau. Amfanin gwajin ranar farko ke nan. Idan kuma PCV ya faɗi alhali majinyaci na ƙara galabaita, a nemi zubar jini ta ciki.

Inda babu ko wannan, akwai gwajin ɗaure hannu. A auna bugun jini da na'urar awon hawan jini, a hura madaurinta zuwa tsakiyar lambobin biyu, wato 100 ga mai 120 bisa 80, a bar shi minti 5. A sassauta, a duba cikin hannu ƙasa da gwiwar hannu. Ɗigo-ɗigon jini 10 ko fiye a fili mai faɗin santimita 2.5 kowane gefe yana ƙarfafa zaton dengi. A baƙar fata sai an fita hasken rana an duba da kyau, kuma rashin ganinsu bai wanke mutum ba.

Lokacin haɗarin dengi yana zuwa ne daidai sa'ar da zazzaɓi ke sauka, tsakanin rana ta 3 da ta 7, ya ɗauki sa'a 24 zuwa 48. 'Yan gida suna hamdala jiki ya yi sanyi, ciwon kuwa lokacin yake shiga ciki. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga dasashi ko hanci, baƙin bayan gida, kasala ko rashin natsuwa, sanyin hannu da ƙafa, ƙarancin fitsari: ko ɗaya aka gani, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Ma'aikaci kuma ya lura da tazarar lambobin bugun jini. Idan ta matse zuwa 20 ko ƙasa, kamar 100 bisa 85, jini ya fara gazawa ko da majinyaci yana zaune yana magana.

Abin da kuskuren suna ke jawowa

Ciwon gaɓɓan kankasha ba wasa ba ne, kuma wanda ke cikinsa duk abin da aka miƙo masa zai karɓa. Sai a nufi kantin magani a sayo Brufen ko asfirin, ko a kira mai allura ya yi Voltaren a ɗuwawu, wani ma ya haɗa da dexamethasone. Idan akwai dengi a ƙasa, waɗannan magunguna suna raunana aikin safayih, su ci bangon ciki, su taɓa ƙoda. Allurar tsoka kuma tana iya tara jini a inda aka soka. A Yulin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar jinya guda da ta haɗa dengi da cikungunya da Zika da shawara, saboda a farkon ciwo ba a iya raba su, kuma ta hana irin waɗannan magunguna a wannan mataki. Ƙa'idar aiki dai ita ce duk mai kankasha a garin da dengi ke yawo, a yi masa jinyar dengi har mako ya wuce.

Farasitamol, bandol ɗinmu na kullum, shi ne abin sha. Babba ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar aƙalla sa'a 6, kuma ya fi aminci kada a wuce giram 3 a yini, tunda dengi kanta tana taɓa hanta. Yaro miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa: mai kilo 20 zai sha 200 zuwa 300. Kwalbar bandol ta ƙarin ruwa giram 1 ce, daidai da ƙwaya biyu, ba ta fi su ƙarfi ba ga wanda ke iya haɗiya, kuma cikin lissafin yini take. Haka magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu.

A sha ruwa sosai: gishiri da sukari na leda a lita ɗaya, ruwan lemon tsami, kunu, romo, ruwan kuka. Zoɓo da baƙin lemon kwalba a ɗan jinkirta su, don idan aka yi amai ba za a bambance su da jini ba. Ma'aunin gida shi ne fitsari aƙalla sau ɗaya cikin sa'a 6. Ƙarin ruwa a gida ba lissafi kuwa, ina ganin yana cikin abubuwan da suka fi cutar da mutane a 'yan shekarun nan. A asibiti mai alamun haɗari ana fara masa da mililita 5 zuwa 7 ga kowane kilo a sa'a, na sa'a ɗaya zuwa biyu, a rage zuwa 3 zuwa 5, a sake ragewa, ana duba PCV da fitsari. Leda bayan leda ba awo, ruwan cikin ƙirji yake tafiya, kuma idan jijiyoyi suka fara janye abin da ya tsiyaya sai numfashi ya gagara. Ƙarin safayih ma ba a yin sa don lamba ta sauka kawai idan babu zubar jini.

Samun maleriya a gwaji bai rufe magana ba, alƙaluman Kasala sun isa shaida. A yi maganinta cikakke, a ci gaba da sa ido a kan dengi. Gwajinta na gaggawa kan ci gaba da amsawa makonni bayan an warke, sannan a yankin nan akwai irin ƙwayar maleriya da ba ta fitar da furotin ɗin da gwajin ke nema, abin da ya sa Iritiriya ta sauya irin gwajin da take amfani da shi. Duban jini a madubin likita ya fi. Gwajin Widal na taifod kuwa, shi kaɗai ba hujja ba ne. Wanda ya zo da zazzaɓi da zubar jini, a tambaye shi ko ya yi yanka, ko ya taɓa dabbar da ta yi ɓari, ko kaska ta cije shi, don zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a Sudan a 2007 da 2019, na Kirimiya-Kongo ma yana nan.

Mai ciki da zazzaɓi ya kama dab da haihuwa a asibiti ya kamata ta haihu. Dengi tana ƙara haɗarin zubar jini, kankasha kuma, kamar yadda aka gani a annobar tsibirin Reunion ta 2005 zuwa 2006, tana kama kusan rabin jariran da aka haifa lokacin da ƙwayar ke jinin uwa, tiyata ma ba ta hanawa. Jaririn yakan fito lafiya, sai a rana ta 3 zuwa ta 7 ya fara zazzaɓi da ƙin nono, don haka a sa masa ido har ranar suna. Kowane majinyaci kuma ya kwanta cikin gidan sauro da rana a makon farko, don daga jininsa sauron gidan ke ɗiba.

Bayan zazzaɓi ya sauka da aƙalla kwana biyu, babu alamar haɗari, safayih sun dawo daidai, a nan ne likita zai iya ba da ibuprofen ko makamancinsa don gaɓɓai, ban da asfirin ga yara. Mutane da yawa za su buƙace shi: a binciken Kasala, kashi 63 cikin ɗari na manyan da aka sake dubawa bayan wata biyu zuwa huɗu suna nan da ciwon gaɓa. A wannan mataki PCR ba shi da amfani, IgM da IgG na kankasha ne ke nuna asalin ciwon. Wanda ya haura wata uku da kumburi da sandarewar yatsu da safe ya nemi likitan gaɓɓai, don akwai masu buƙatar magani irin methotrexate, wanda ba a shan sa sai da gwajin hanta da na jini a kai a kai, kuma haramun ne ga mai ciki.